Dan Allah masu fiyano, ya ake gane sautukan da za a danna tare?

Dan_Gangare
Salamu alaikum jama'ar gidan nan. Ina da tambaya ga masu buga fiyano. Yayana ne ya bar min wata tsohuwar Yamaha mai maɓalli 61 da zai koma Abuja, to tun lokacin nake ɗan taɓawa, yanzu kam duk waƙar da na ji zan iya bin ta da yatsa ɗaya, do re mi ɗin nan ba ya ba ni wahala. Matsalar ita ce in na ga masu yi a situdiyo ko wajen biki sai in ga sun kifa hannu biyu, yatsu shida ko bakwai sun sauka lokaci ɗaya kuma abin ya fito da daɗi, ni kuwa ko uku na haɗa sai ƙarar ta zama wani iri har ƙanwata ta leƙo tana tambaya wai lafiya. Shin akwai ƙa'ida ne ta wanda ake haɗawa da wane, ko kunne kawai mutum yake bi? Sannan ya ake sanin lokacin da za a canza a tsakiyar waƙa?

MaiFiyano_Bukuru
Wa'alaikumus salam ƙanina. Akwai ƙa'ida mana, kuma ba ta da tsawo. Ina kyautata zaton maƙwabta kake haɗawa, irin C D E a jere, su kuwa ba sa shiri. Abin da kake gani suna dannawa shi ake kira kod, kuma sauti uku ne tushensa. Nemo C tukuna, wato farin da ke gefen hagu na baƙaƙen nan biyu da suke tare, ka ɗauki na tsakiyar fiyanon. Ɗora babban yatsanka na dama a kai. Tsallake fari ɗaya ka ɗora yatsan tsakiya a kan E, sake tsallake ɗaya ka ɗora ƙaramin yatsa a kan G. Danna su tare. C E G, ko do mi so in da solfa ka saba. To ka riƙe hannun a haka kar ka canza shi, ka ɗauke shi gaba ɗaya ka kai kan F ka samu F A C, ka matsa kan G ka samu G B D. Ukun nan su ake cewa 1, 4, 5, don in ka ƙirga farare daga C, C ne na 1, F na 4, G na 5, da su kaɗai za ka raka waƙoƙi masu yawan gaske.

Ummi_Rikkos
Nima ina nan ina bi, dan Allah a ci gaba a haka dalla-dalla, don na YouTube ɗin nan kafin ka gane yatsan da ya ɗora har ya wuce wani wajen, ga data na tafiya

Dan_Gangare
Kai Oga Allah ya saka da alheri, wlh ya fito! Amma ga wani abu, da na kai hannun kan D, wato D F A, da kuma A C E, sai na ji ya canza, ba wai ya ɓaci ba amma ya yi sanyi, irin na waƙar ban tausayi. Na kan B kuwa sam bai zauna ba. Alhali tazarar yatsuna ɗaya ce ban taɓa komai ba.

Malam_Solfa
@Dan_Gangare idonka ne ya ga tazara ɗaya don farare kawai kake ƙirgawa. Ka ƙirga har da baƙaƙen. Daga C zuwa E taki 4 ne: baƙi, D, baƙi, E. Daga E zuwa G taki 3 ne tunda babu baƙi tsakanin E da F. To 4 sannan 3 shi ne meja. Yanzu duba D zuwa F: baƙi, E, F, taki 3, F zuwa A kuma taki 4. An juya ke nan, 3 sannan 4, shi ne maina, shi ne sanyin da ka ji. Na kan B ɗin 3 ne da 3, B D F, diminish ake ce masa, shi dama ba a zama a kansa, ratsawa ake yi a wuce.

Amfanin wannan ƙirgen shi ne daga ko'ina za ka iya gina kod ba sai wani ya nuna maka ba. Kana son D ya zama meja? Ƙirga 4 daga D za ka faɗa kan baƙin farko cikin ukun nan da suke tare, F# ke nan, ƙirga 3 daga nan ka sauka a A. Ka lura yatsan tsakiya kaɗai ya motsa, na gefe biyun suna inda suke. Kuma a kowane ki na meja, wato ko daga wane sauti ka fara do ɗinka, tsarin ɗaya ne, 1, 4 da 5 meja, 2, 3 da 6 maina, 7 diminish.

Sarkin_Kunne
Hhhh an fara ko. Ƙanina kar ka bari su cika maka kai da lissafi. Ni tun ina yaro nake kiɗa a wajen biki daga Angwan Rogo har Farin Gada, ban taɓa ƙirga wani taki ba, kunnena ke gaya min. Sa waƙa a waya ka yi ta laluba har ya zauna shi ke nan. Akwai waɗanda suka haddace sunan kod kamar me amma a ba su mawaƙi a gaba su raka shi sai ido

MaiFiyano_Bukuru
@Sarkin_Kunne ba wanda ya ce kunne ba shi da amfani ranka ya daɗe, shi ne ma alƙali na ƙarshe. Amma abin da kai ka laluba shekara da shekaru har hannunka ya saba, shi ne dai wannan 1, 4, 5 ɗin, suna ne kawai ba ka ba shi ba. To me zai sa yaron ya sake bin doguwar hanya tunda ga gajeriya

Sarkin_Kunne
Doguwar hanyar ce ke sa abu ya zauna a hannu Oga

Maman_Zumunta
Ku ɗan dakata 'ya'yana in faɗi nawa. Ni ban san fiyano ba amma na daɗe a ƙungiyar mawaƙa ta cocinmu, kuma abin da kuke faɗi ɗin nan da baki muke yin sa. Murya huɗu muke rabuwa, masu sofrano su riƙe ainihin waƙar, mu 'yan alto muna ƙasa da su kaɗan, sai teno da bas na maza. In mai koyarwa ya ce a riƙe a ƙarshen baiti, sofrano na kan do, mu muna kan so ko mi, bas na can ƙasa kan do, to ai do mi so ɗin ne da ɗana na Bukuru ya faɗa, mutane ne kawai a madadin yatsu. Kuma Amin ɗin da muke ja a ƙarshen waƙa daga fa la do ne ake sauka kan do mi so, ka gwada a fiyanonka za ka ji ka san shi. Amma gaskiyar Sarkin_Kunne ita ma tana nan, akwai tsofaffi a zumuntar mata da ba su taɓa ganin takardar solfa ba, ana ɗaga sabuwar waƙa za ka ji sun shige ƙarƙashinta da murya ta biyu ba kuskure. Sai dai su tun suna goye suke jin abin.

Dan_Gangare
Mama na gwada 4 zuwa 1 ɗin, lallai na san wannan saukar, muna jin ta daga cocin da ke bayan layinmu ranar Lahadi. Na gode Allah ya ƙara girma

Malamin_Fiziks
Bari in sa baki ta ɓangaren da na sani, fiyano kam ban iya ba amma sauti muna koyar da shi a aji. Kowane sauti girgiza ce, ana auna ta da sau nawa take kaɗawa a daƙiƙa ɗaya. A ɗin da ke sama da C na tsakiya sau 440 yake kaɗawa, shi ne ma'aunin da ake saita kayan kiɗa a kai. A na ƙasa da shi 220 ne, rabi daidai, shi ya sa kunne ke ɗaukar su abu ɗaya har aka ba su suna ɗaya. To ka ɗauki 220 ka haɗa da 275 da 330, in ka raba kowanne da 55 za ka samu 4, 5, 6. Kod ɗin A meja ke nan. Lambobin ƙanana ne, don haka girgizar ukun tana yawan haɗuwa wuri ɗaya, kunne sai ya ji lafiya lau. Maina kuwa 10, 12, 15 ne, ya ɗan fi sarƙaƙiya. Yanzu ɗauki C na tsakiya, wajen 262 ne, baƙin da ke manne da shi wajen 277, tsakaninsu 15 ko 16 kacal. In ka danna su tare za ka ji ƙarar tana karkarwa, wannan ɗan bambancin ne kake ji yana bugawa a kunnenka. Dalilin da ya sa maƙwabta ba sa shiri ke nan.

Situdiyo_BauchiRoad
Toh Malam ya mayar da mu SS2 da daren nan 😂

Malam_Solfa
Bayanin Malam daidai ne, ƙari ɗaya kawai. Ku duba lambobinsa da kyau, baƙin nan da ya ce 277 ai shi ne C# ɗin da ke cikin A meja, wanda a lissafin farko ya ce 275. Ba kuskure ya yi ba, fiyano ce aka saita a haka. An raba tsakanin do da do na sama gida 12 daidai wa daida don a iya kiɗa a kowane ki, to a garin haka sai na tsakiyar kod ɗin meja ya ɗan haura inda ya kamata ya tsaya. Kunnenmu ya saba ba ma damuwa. Amma in kun taɓa jin mawaƙan da suka ƙware suna rera murya huɗu ba kayan kiɗa, suka riƙe kod na ƙarshe ya tsaya cak ba ya rawa, sau da yawa su na 275 ɗin suka kama da kunne. Fiyano ba za ta iya ba ka wannan ba.

Dattijon_Dilimi
Ni ina ta karanta ku ina mamaki. Wai sai an danna uku uku kiɗa zai yi daɗi? Marigayi Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, gwangwanin kifi da fata, ya zaga duniya da shi har ya rasu a 2015 ba wanda ya ce kiɗansa da saura. Goge tsirkiya ɗaya ne. Kukuma haka. Mawaƙinmu ya bayar, 'yan amshi su karɓa da murya ɗaya gaba ɗayansu, ba mai bi ta ƙasa ba mai bi ta sama, kalangu na magana a tsakani. Namu daɗin a kari yake da zubin magana da yadda kiɗan ke shiga tsakanin kalmomi. Wannan haɗe-haɗen na Turawa ne, ta coci da makaranta ya shigo mana, ku koya ba laifi amma kar yaro ya ɗauka wanda bai san kod ba bai san kiɗa ba.

Dan_Vom
Baba da girmanka, a kiɗan Hausa na yarda, amma kar a ce duk haɗa sauti baƙo ne a ƙasar nan. Mu Birom muna da kundung, itatuwa a jere da ƙahon shanu a ƙarƙashi, da sanda biyu ake bugawa kuma sautuka suna hawa kan juna. Ka zo Nzem Berom ka tsaya kusa da masu busa, kowa da ɗan sautin da yake riƙe da shi, wannan ya shiga kafin wancan ya fita, abin da ke isowa kunnenka haɗaɗɗe ne. Ba 1, 4, 5 ba ne na yarda, amma ba sauti ɗaya ba ne

Dattijon_Dilimi
Ai na ce namu ɗana, ban ce naku ba. Filato kowane dutse da kiɗansa.

Malam_Solfa
Ko a na Hausan ma Baba, garaya tsirkiya biyu ce, molo uku, kuma mai kaɗawa yakan bar wata tana amsawa a sauti ɗaya yayin da ɗayar ke yawo. Ba kod ba ne irin wanda muke magana amma sauti biyu ne a lokaci ɗaya. Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne tsarin da muke koya wa yaron nan daga Turai ya zo. Solfan da muke rubutawa d r m f s l t ma a Ingila aka tsara shi a ƙarni na 19, wani fasto John Curwen ne ya yaɗa shi, 'yan mishan suka kawo mana.

Situdiyo_BauchiRoad
Maganar Baba tana da muhimmanci ga wanda zai yi kiɗan waƙar Hausa, ba wasa ba. Ni kullum da mawaƙa nake aiki, yaro zai shigo da waƙarsa a baki ba ki ba komai, kai ne za ka nemo inda yake. Abin da na lura, karin waƙoƙinmu da yawa a kan sauti 5 suke tafiya, do re mi so la, babu fa babu ti. Kana son ka ji, bar fararen gaba ɗaya ka yi ta yawo a kan baƙaƙen nan kaɗai, su ma 5 ne kuma irin wannan jerin ne, za ka ji kamar ka san waƙar. To matsalar, kod 4 yana da fa a ciki, kod 5 yana da ti, in ka cika su ƙarƙashin irin wannan waƙar da ƙarfi sai ta tashi daga ta Hausa ta koma ta coci, mawaƙin ma zai ce maka Oga ba haka ba ne amma ba zai iya faɗin me ya canza ba. Ni abin da nake yi, sau da yawa cire na tsakiyan nake yi in bar na gefe biyu, ko in zauna a kan 6 in daɗe ina ɗan leƙa 5 ina dawowa, sauran aikin ganga da bas su yi. Kuma ku tuna kunnen masu sauraronmu ya sha kiɗan Indiya ya ƙoshi, su ma a kiɗansu na gargajiya ba canza kod suke yi ba, sauti ɗaya ake riƙewa a ƙasa yana gunji waƙar na yawo a samansa.

Jita_Zalla
Wato sauti biyu ma kod ne ke nan? Don mu a jita muna da wanda muke kama waya biyu kawai, tushe da na biyar, ba meja ba maina, kuma kod muke ce masa. Sannan ga mai tambaya, kar yawan yatsun nan ya tsorata ka. C ɗin da muke kamawa a jita waya 5 ake kaɗawa amma sautukan C E G C E ne, uku ne dai aka maimaita. Masu fiyanon da ka gani da yatsu bakwai mafi yawa haka suke yi

Malam_Solfa
A littafi daga uku ake fara kiran sa kod, biyu tazara ce. Amma ba zan yi musu da masu jita a kan wannan ba, ba a gamawa.

Ummi_Rikkos
Ni tawa matsalar hannun hagu ce. In na danna C E G ɗin a tsakiya lafiya, in na kai shi can ƙasa da hagu sai ya zama wani gunji ba ka ma gane meja ne ko maina, ko sifikar fiyanon ce ta mutu?

MaiFiyano_Bukuru
Sifikarki lafiya ƙalau ƙanwata, kowa haka yake ji. Can ƙasa ba a cusa sautuka kusa da juna. Hagu ki ba shi tushen kawai, C ɗaya, ko C da G, ko C da C na samansa in hannunki ya kai. E ɗin ki bar wa dama. Ƙasa a buɗe, sama a matse.

Malamin_Fiziks
Kuma dalilin shi ne wanda na faɗa ɗazu. C na can ƙarshen hagu a fiyano mai 61 wajen 65 yake kaɗawa, E na kusa da shi wajen 82, tsakaninsu 17 ke nan, kusan irin tazarar nan mai sa karkarwa. A tsakiya kuwa C da E ɗin 262 ne da 330, sun ba juna wuri.

Transpose_Ba_Laifi
Ni shawarata mai sauƙi ce, ka koyi 1, 4, 5, 6 a ki ɗaya ka iya shi sosai, sauran maɓallin tiransifos, mai ɗaga ko sauke ki ɗin fiyanon, ya yi maka. Kamfani bai sa shi don ado ba. Yamaha ɗinka ma in ka kunna ACMP ka saita ta a na yatsa ɗaya, maɓalli ɗaya za ka taɓa da hagu ta cika maka kod ɗin da ganga da bas gaba ɗaya

MaiFiyano_Bukuru
A'a dan Allah kar ka lalata yaro tun yanzu. Na ga irin wannan a wani biki a Rayfield, mai kiɗa ya iya abinsa a F# kaɗai, mawaƙiya ta ɗaga waƙa ta biyu a wani ki ba ta tsaya ba, shi kuma yana ta latsa maɓalli yana neman ta sama da ƙasa duk jama'a na ji, kafin ya kamo ta an kai amshi na biyu. In ka san lamba ba ka da wannan fargabar. A ki na G, 1 4 5 6 su ne G, C, D da E maina. A ki na F kuma F, B♭ (baƙin da ke gefen hagu na B), C da D maina. Lambar ba ta canzawa, wurin ne ke canzawa.

Transpose_Ba_Laifi
Wancan kunnensa ne bai kama ki da wuri ba, ba laifin maɓalli ba ne

Sarkin_Kunne
Yauwa, mun dawo kan maganata ke nan 😄

Dan_Gangare
Jama'a ina jin daɗin muhawarar wlh amma rabin tambayata na nan ba a taɓa ba. Kod ɗin na gane su yanzu. Waƙa na tafiya, ya zan san nan ne zan bar 1 in koma 4 ko 5?

Malam_Solfa
Tunda ka ce kana iya bin waƙa da yatsa ɗaya ai ka yi rabin aikin. Ba kowane sauti na waƙar ake ba kod ba, wanda ya faɗo a kan bugun mai nauyi ake dubawa, inda ƙafarka ke sauka in kana taka kiɗan, ko wanda mawaƙin ya ja ya daɗe a kai. Sai ka tambayi kanka wane kod ne yake ɗauke da wannan sautin. In mi ne, 1. In fa ne ko la, 4. In re ne ko ti, 5. Do yana cikin 1 yana cikin 4, so yana cikin 1 yana cikin 5, a nan ne kunne zai raba gardama. Ka ga sautuka bakwai ɗin duk sun samu wurin zama a cikin kod uku, shi ya sa suke isa. Ƙananan da ke ratsawa tsakani ka ƙyale su su wuce, ko sun ɗan goga ba komai. In hannunka ya saba sai ka fara musanya, inda za ka sa 1 ka gwada 6 tunda do da mi suna cikin duka biyun, inda za ka sa 4 ka gwada 2.

Sannan ka saurari halin kowanne. 5 kamar mutum ne ya ɗaga ƙafa a bakin zaure bai shiga ba, kunne ba ya natsuwa sai an sauka a 1. In ka ƙara masa F a sama ya zama G B D F abin ya fi tsanani, don B na son hawa C, F na son sauka E, taki ɗaya ɗaya ne kowanne. Danna shi ka tsaya ka ji yadda zai dame ka.

MaiFiyano_Bukuru
Ƙari a kan na Malam, ba dole ka riƙa tsalle da hannu gaba ɗaya kamar yadda na nuna maka da farko ba, wancan na fara koyo ne. Kod bai damu da wanda ke ƙasa ko sama ba muddin sautukan ukun na nan. Kana kan C E G za ka 4, bar babban yatsa a kan C, sauran biyun su matsa gaba su zama F da A, C F A ke nan. Za ka 5, bar ƙaramin yatsa a kan G, na ƙasa su ja baya su zama B da D. Hannunka bai bar wurin ba kuma sautin ya fi haɗuwa. Hagu ne zai riƙa faɗin tushen, C, F, G.

Ummi_Rikkos
Wannan na ƙarshen ya taimake ni sosai, dama tsallen ne ke sa in rasa bugun

Dan_Gangare
Na gwada a kan waƙoƙin makaranta irin na firamare ya tafi sumul. Amma da na ɗauko wata ta soyayya da ake yayi yanzu sai ta ƙi, ita a kan la take ƙarewa ba do ba, in na sauka a 1 sai in ji kamar na yi mata dole

Situdiyo_BauchiRoad
To ai ka shigo unguwarmu. Wannan a maina take, wurin saukarta 6 ne, A C E. Fara daga nan, ka gwada 6, 4, 1, 5 ka yi ta juyawa, in ya yi yawa ka rage ya zama 6 da 5 kawai

Malam_Solfa
In a maina take to kafin ya sauka a A C E ya gwada E meja, wato E G# B, G ɗin ya hau baƙin da ke gabansa. Shi ke jan kunne zuwa la yadda ti ke ja zuwa do.

Situdiyo_BauchiRoad
Malam a takarda haka ne amma a waƙar Hausa wannan G# ɗin baƙo ne, mawaƙin bai rera shi ba, kana sa shi za a ji wani ƙamshi daban ya shigo. Ni G B D nake sawa in sauka abina

Malam_Solfa
Ya danganta da waƙar dai. Ba mu ji ta ba muke ta yanke mata hukunci.

Dattijon_Dilimi
Ku ba mai kalangu ita ku huta

Jita_Zalla
@Dan_Gangare ɗauko amshin kawai da muryarka ka turo nan, kowa ya sa nasa kod ɗin a ji. Ni zan yi nawa da jita in an kawo wuta, wayata saura kaɗan ta mutu